Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Gundumomi Takwas Masu Suna Ɗaya a Amurka

A zangon karatun da ya gabata an sa ni cikin kwamitin malaman da suka saurari wani ɗalibin digiri na biyu yana kare kundinsa a kan yadda ƙananan hukumomi ke sarrafa dukiyar jama'a. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne, fannina kimiyyar harshe, aikina a kwamitin kuma shi ne duba tsarin rubutu da ingancin lafazi. Ɗalibin ya kafa hujja da gundumar Orange ta ƙasar Amurka, wadda ta karye a shekarar 1994. Ya ce abin al'ajabi ne a ce gundumar da ke da birnin Orlando da katafaren dandalin shaƙatawa na Disney, wadda miliyoyin baƙi ke tururuwa zuwa cikinta, a wayi gari ta kasa biyan bashin da ke kanta. A kan wannan ya gina babi guda sukutum, har ya yanke hukunci cewa dogaro da masu yawon buɗe ido ne ya kai ta ya baro.

Rubutun ya tsaru, alƙaluma sun jeru, sai dai ginin ba shi da harsashi. Orlando tana cikin gundumar Orange ta jihar Fulorida, ita kuwa Orange ɗin da ta karye tana jihar Kalifoniya, tsakaninsu tazarar fiye da kilomita 3,000. Abin da ya ƙara ruɗa shi shi ne, kowacce daga cikinsu tana da nata dandalin Disney. Ya ɗebo bashin wannan ya haɗa da baƙin waccan, ya fito da gundumar da babu ita a taswirar duniya. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, domin kuskuren nasa kuskure ne da mu masu ilimin zamani muke yi kusan kullum: mukan ɗauka cewa suna bayanin wuri ne. A ganina, sunan wuri ba ya gaya maka komai game da halin da wurin ke ciki. Abin da yake gaya maka shi ne wane ne ke da iko, ko mene ne ake son tallatawa, a ranar da aka raɗa shi.

Amurka tana da gundumomi fiye da 3,100, kuma gunduma a can ita ce matakin mulki da ke ƙasa da jiha, kusan kamar ƙaramar hukuma a wurinmu. Tun da kowace jiha ita ke raɗa wa gundumominta suna ba tare da tuntuɓar maƙwabciyarta ba, takwarori sun yi yawa. Masu sunan Washington sun kai 31, idan aka haɗa da ta jihar Luwiziyana, masu sunan Jefferson da Franklin da Jackson da Lincoln kuwa kowanne ya haura ashirin. Masu sunan Orange takwas ne: a Kalifoniya, da Fulorida, da Teksas, da Niyu Yok, da Bajiniya, da Karolina ta Arewa, da Vermont, da Indiyana. Su na zaɓa in yi magana a kansu, domin ko sunan da suka yi tarayya a kai, idan aka bi salsalarsa, ba ɗaya ba ne.

A Turanci wannan kalma tana nufin lemon zaƙi, kuma baƙuwa ce a harshen. Ta taso daga ƙasar Indiya, inda ake cewa naranga, ta biyo ta Farisanci, ta shiga Larabci a matsayin naranj, daga nan ta tsallaka Turai, harafin farko ya faɗi a hanya. Mu ma kalmarmu ta lemo daga Larabci muka aro ta, sai dai daga laimun. To amma akwai wata Orange ta daban, wato wani tsohon gari a kudancin Faransa wanda Rumawa suka sani da sunan Arausio, sunan da ba shi da wata alaƙa da 'ya'yan itace. Sauyin furuci na ɗaruruwan shekaru ne ya goge kalmomin biyu har suka zama kamar tagwaye. Sarautar wannan gari ta faɗa hannun gidan da daga baya ya mulki ƙasar Holan, daga cikinsu kuma aka sami Yarima William na Orange, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a 1689. Saboda haka gundumomin nan takwas sun kasu uku: na Kalifoniya da Fulorida da Teksas sun ci sunan lemo, na Niyu Yok da Bajiniya da Karolina ta Arewa da Vermont sun ci sunan gidan sarauta, ta Indiyana kuwa gadon sunan ta yi daga ta Karolina. Mai karatu zai ga cewa tun ba a je ko'ina ba, takwarorin nan ba su ma haɗa kaka ba.

Mu fara da ta Niyu Yok, wadda ita ce babbar yaya. An kafa ta a 1683 cikin gundumomi goma sha biyu na farko na wannan yanki, aka ba ta sunan Yarima William domin shi ne surukin mai ƙasar na wancan lokaci. Tana yammacin kogin Hudson, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa kowace hunturu, ta yadda ko an dasa lemo ba zai ga baɗi ba. Abin da ta yi suna da shi albasa ce, wadda ake nomawa a wata baƙar ƙasa mai taushi, tsohuwar fadama da baƙin haure daga Poland da Jamus suka janye wa ruwa. A ƙarni na 19 man shanun garin Goshen, hedikwatarta, ya shahara a kasuwannin birnin Niyu Yok, da jirgin ƙasa ya iso kuma sai madara ta maye gurbinsa. A cikinta makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point take tun 1802. Ƙidayar 2020 ta nuna tana da mutane kimanin 401,000, da yawansu kuma a birnin Niyu Yok suke neman abinci su dawo gida su kwana. Arzikinta kusanci ne da babban birni, tun daga zamanin man shanu har zuwa yau.

Ta Fulorida kuwa labarinta ya fi ban dariya. Sa'ad da aka kafa ta a 1824, sunanta gundumar Mosquito, wato gundumar Sauro. A 1845, shekarar da Fulorida ta zama jiha, aka sauya mata suna zuwa Orange, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili: babu mai tattara iyalinsa ya koma ƙasar sauro. Lemon ya yi albarka na wani lokaci, sai ga matsanancin sanyi na Disambar 1894 da Fabrairun 1895 ya ƙone gonaki. Manoma suka sake dasawa, sanyin 1983 da 1985 da 1989 ya sake zuwa ya kore noman zuwa kudancin jihar. A can ma bai tsira ba, domin wata cutar itatuwa da aka gano a 2005 ta taimaka wajen durƙusar da amfanin jihar daga akwati miliyan 244 a kakar 1997/98 zuwa ƙasa da miliyan 20 a kakar 2022/23. Abin da ya raya gundumar shi ne arahar fili da mahaɗar manyan tituna biyu, waɗanda suka sa kamfanin Disney ya sayi eka kusan 27,000 a wannan yanki a tsakiyar shekarun 1960, ya buɗe dandalinsa a 1971. A 2018 baƙi miliyan 75 suka ziyarci Orlando, gundumar kuma ta kai mutane miliyan 1.4 a 2020. Amma a wannan shekarar ce annobar korona ta rufe otal-otal da wuraren wasa, rashin aikin yi a yankin ya haura kashi 20 cikin ɗari a watan Mayu. Wato hasashen ɗalibin nan game da haɗarin rataya rayuwa a kan sana'a ɗaya yana da ƙanshin gaskiya, hujjar da ya ɗauko ce ta gidan maƙwabta.

Ita kuwa ta Kalifoniya, an yanke ta ne daga gundumar Los Anjales a 1889, kuma sunan lemo ya dace da burin masu sayar da filaye, waɗanda ke son mutanen gabas masu fama da sanyi su ji cewa akwai wata ƙasa mai ɗumi da ni'ima a bakin teku. Nan sunan ya yi linzami na wani zamani, domin a ƙarshen shekarun 1940 gonakin lemo sun haura eka 60,000. Daga nan sai babban titi ya iso daga Los Anjales, masana'antun jiragen sama da na kayan yaƙi suka biyo shi, ma'aikata suka buƙaci gidaje, farashin fili ya fi ƙarfin ribar lemo. Dandalin Disneyland da aka buɗe a garin Anaheim a 1955, a kan gonar lemo aka gina shi bayan an tumɓuke itatuwan. A 2020 gundumar tana da mutane kusan miliyan 3.2, tana cikin mafiya arziki a ƙasar, lemon kuwa sai a hatimin hukuma da sunayen tituna.

To me ya karya ta a 1994? Ba baƙi ba ne, ba kuma lemo ba ne. Ma'ajinta, Robert Citron, wanda jama'a ke zaɓa kuma ya shafe fiye da shekaru ashirin a kan kujerar, yana riƙe da asusun haɗin gwiwa na kimanin dala biliyan 7.5, kuɗin gundumar da na makarantu da na garuruwa. Ya jingina wannan dukiya ya ciwo bashi har jarin ya kai wajen dala biliyan 20, ya zuba shi a takardun da ribarsu ta dogara ga kuɗin ruwa ya ci gaba da zama ƙasa. Shekara da shekaru riba tana shigowa, kuma tun da tana shigowa, babu wanda ya matsa da tambaya. A 1994 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 3 zuwa kashi 5.5 cikin ɗari, asusun ya yi asarar fiye da dala biliyan 1.6, ranar 6 ga Disamba gundumar ta garzaya kotu neman kariya daga masu bin ta bashi. An sallami ma'aikata, an zaftare ayyuka, a 1995 masu zaɓe suka ƙi amincewa da ƙarin haraji don cike giɓin, Citron ya amsa laifinsa a gaban shari'a, ba a kuma gama biyan bashin farfaɗowa ba sai a 2017. Ita ce karyewar ƙaramar hukuma mafi girma a tarihin ƙasar, har sai da gundumar Jefferson ta jihar Alabama ta zarce ta a 2011 da bashin kimanin dala biliyan 4, mafi yawansa na magudanan ruwa. Ita ma Jefferson ɗin tana da takwarori fiye da ashirin da ba su ci ba, ba su sha ba.

Sauran biyar ɗin kowacce da tata qibla. Ta Teksas, wadda aka kafa a 1852 a bakin kogin Sabine, kan iyaka da Luwiziyana, ta rayu da katako, sannan da ƙera jiragen ruwa a lokacin yaƙin duniya na biyu, sannan da masana'antun sarrafa sinadarai daga man fetur. Mutanenta kimanin 85,000 ne, babbar fargabarsu kuma guguwar teku ce, wadda ta ɗaiɗaita su a 2005 da 2008 da 2017. Ta Karolina ta Arewa, ta 1752, jami'a ce jarinta, domin a garin Chapel Hill jami'ar jihar take, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 1795, kuma ita da asibitinta ne manyan masu ɗaukar ma'aikata. Ta Bajiniya, ta 1734, ƙasar gonaki ce mai mutane kimanin 36,000, inda gidan James Madison, shugaban Amurka na huɗu, yake, gidan da gumin bayi ya gina kuma ya ciyar. Ta Vermont, ta 1781, tuddai ne da dazuzzuka da shanun madara, mutanenta ba su kai 30,000 ba. Ta Indiyana kuwa, ta 1816, wasu mabiya ɗariƙar Quaker ne da suka yi ƙaura daga Orange ta Karolina, suna ƙyamar bauta, suka zo da sunan tsohon gidansu a cikin kayansu. Maɓuɓɓugan ruwa masu ma'adinai na garin French Lick su suka jawo mata baƙi a da, gidan caca da aka buɗe a 2006 kuma shi aka sa ran zai farfaɗo da ita. Mutanenta ba su cika 20,000 ba, wato ta Kalifoniya ta ninka ta sau 160.

Haka abin yake ga masu sunan Washington. Ta jihar Oregon, inda hedikwatar kamfanin Nike da manyan masana'antun Intel suke, ta kai mutane 600,000 a 2020. Ta jihar Misisipi, ƙasar auduga da ke bakin babban kogi, ta ragu daga kimanin 72,000 a 1980 zuwa ƙasa da 45,000 a 2020, saboda injina sun karɓe aikin gona, masana'antu sun rufe, matasa sun watse. Duk su biyun mutum ɗaya aka girmama da sunansu, amma albarkar sunan ba ta raba musu arziki daidai ba.

Na san akwai mai cewa, ai Malam ka rushe hujjarka da kanka, tun da ka yarda cewa sauya Sauro zuwa Lemo ya jawo mutane, kuma Hausawa sun ce suna linzami ne. Ban musa ba. Suna mai daɗi yana iya kawo baƙo na farko, kuma 'yan kasuwa ba wawaye ba ne da suke kashe kuɗi a kansa. Amma linzami yana juya dokin da ke da ƙafafu ne, ba ya tayar da wanda ya kwanta. Orange uku ne suka ci sunan lemo, babu ko ɗaya da lemo ke ciyar da ita a yau. Abin da ya bambanta takwas ɗin nan abubuwa ne da za a iya ƙirgawa: yanayin sama, da irin ƙasa, da kogi ko teku, da nisa ko kusanci da babban birni, da inda titi ya ratsa, da cibiyar da aka kafa ta daɗe, da kuma yadda aka riƙe baitulmali. Biyar na farko rabo ne da wuri ke tashi ya tarar. Biyun ƙarshe aikin mutane ne, kuma labarin 1994 ya nuna cewa sakaci a kan na ƙarshen yana iya girgiza gundumar da ta dace da dukkan sauran.

Amurkawa sun san wannan matsala ta takwarori, sun kuma yi mata magani irin wanda Bahaushe ya daɗe da sani. Mu idan Aminu ya yi yawa sai mu ce Aminu Kano, idan Shehu ya yi yawa sai mu ce Shehu Shagari, mu jingina mutum ga garinsu. Su ma ba sa ambaton gunduma a rubuce ba tare da jiharta ba. A harkar ƙididdiga kuwa sun wuce nan, sun ba kowace gunduma lamba mai alƙaluma biyar, biyun farko na jiha, ukun ƙarshe na gunduma. Orange ta Kalifoniya 06059 ce, ta Fulorida 12095, ta Niyu Yok 36071. Da ɗalibinmu ya bi lamba maimakon suna, da bai haɗa gabas da yamma a babi ɗaya ba.

Kada mu ɗauka wannan matsalar wasu ce can nesa. A cikin ƙananan hukumominmu 774 akwai takwarori: Nasarawa a Kano da kuma a jihar Nasarawa, Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Ifelodun da Irepodun a Kwara da Osun. Nasarawar Kano tsakiyar birni ce mai cunkoso, takwararta kuwa ƙasar noma da ma'adinai ce. Surulere ta Legas ita ke da babban filin wasa na ƙasa, ta Oyo ƙauyuka ne da gonaki. Duk wanda ya taɓa haɗa jadawalin ƙidaya da na kasafi ko na asibitoci a kwamfuta ta hanyar daidaita sunaye, ya san yadda layi ɗaya ke iya hawa kan wani ba tare da na'urar ta yi ko tari ba. Ga ɗalibi, sakamakon shi ne sake rubuta babi. Ga jami'in da ke rabon allurar rigakafi ko takin zamani, sakamakon yana sauka ne a kan mutanen da ba su san an yi ba. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya kamata mu ƙara kula da abubuwa biyun nan da gundumomin Orange suka koya mana: a tabbatar da wace hukuma ake magana a kanta, a kuma tabbatar akwai mai duba hannun ma'aji ko da riba na shigowa.

Akwai kuma wani ɓangare da ya fi damuna a matsayina na mai nazarin harshe. Muna da saurin zubar da ƙarfinmu a kan suna. Al'umma takan shafe shekaru tana fafutukar a sauya sunan gari ko na makaranta ko na ƙaramar hukuma, a yi ta rubuce-rubuce da zuwa majalisa, ranar da aka yi nasara a yi biki, kashegari kuma a tashi da rijiyar da ba ruwa da titin da ba kwalta. Ba ina raina suna ba ne. Suna tarihi ne, wani lokaci kuma mutunci ne, kuma mutanen da aka laƙaba wa sunan wulaƙanci suna da haƙƙin su yar da shi. Abin da nake cewa shi ne mu ba shi matsayinsa, kada mu ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Mutanen Fulorida sun kori sauro daga takarda a 1845, amma ba su kore shi daga fadama ba sai da suka haƙa magudanai suka yi feshi shekara da shekaru.

Ɗalibin nan ya dawo bayan makonni shida da sabon babi. Wannan karon ya ajiye gundumomin biyu gefe da gefe, ya nuna yadda ɗaya ta jigata saboda sana'arta guda ce, ɗayar kuma ta karye saboda an bar mutum guda da asusu babu mai tambayarsa. Babin ya fi na farko nesa ba kusa ba, domin kuskuren ne ya tilasta masa ya tsallake suna ya dubi ƙasa da mutanen da ke kanta. Shawarar da na ba shi ita nake ba duk mai aiki da alƙaluma, ɗan jarida ne ko ma'aikacin gwamnati ko malami irina: duk sa'ad da aka ambata maka sunan wuri, kafin ka yanke hukunci, ka fara tambaya, wanne daga ciki?